Kafin ku tashi da Hajiya zuwa Amurka: ƙofofin ƙaramar hukuma

Duk zuwan da na yi hutu Kano sai an samu wanda ya biyo ni gida bayan isha'i da takardu a leda. Wannan karon ƙanin wani abokina ne daga Gwammaja. Takardunsu sun fito shi da mahaifiyarsa, yayarsa da ke can ce ta tsaya musu. Ya zauna a bakin tabarma yana tambayar kuɗin haya da rigar sanyi, ni kuwa na tambaye shi: "Idan kai da Yaya kun fita aiki tun asuba, Hajiya da wa za ta wuni?" Ya yi shiru. Na ce to bari in faɗa maka abin da ni ma ba a faɗa mini ba.

Mu a nan mun ɗauki ƙaramar hukuma wurin karɓar takardar shaidar zama ɗan asali ne, sai kuma rabon taki ko shinkafa in kana da wanda ya san ka. Ƙananan hukumomi 44 gare mu a jihar nan, amma ban taɓa jin dattijo ya ce bari ya je sakatariyar Dala a samo masa abokan hira ba. A Amurka kuwa taimakon tsofaffi da dama ta hannun birni da gunduma yake fitowa. Gundumar ita suke kira kaunti, kuma sun haura 3,000 a ƙasar. Saboda haka ranar da kuka sauka ka fara sanin sunan kauntin da kake, domin ƙetare titi ɗaya kan iya sauya ofishin da ke da alhakinka.

Tushen abin wata doka ce ta kula da tsofaffi da aka yi a 1965. A 1973 aka ƙara mata ofisoshin yanki masu lura da al'amuran dattawa, kuma ta hannunsu kuɗin tarayya ke isa cibiyoyin tsofaffi na unguwa. Wanda ya kai shekara 60 ya cancanta, ba sai ya nuna talauci ba. Ana ba da abincin rana, ana motsa jiki, ana taimakawa da cika takardu, wasu wuraren har da motar kai mutum asibiti. Wanda ba ya iya fita ana kai masa abinci gida, irin aikin da ƙungiyar Meals on Wheels ta yi suna a kai. In ka rasa ta inda za ka fara, buga 211, layin neman taimako, ka faɗi unguwarku, ka kuma nemi tafinta. Ba kullum ake samun mai Hausa nan take ba, amma ka nema.

Na san abin da zai fara zuwa zuciyar Hajiya. Da ta ji "cibiyar tsofaffi" za ta tuna gidan gajiyayyu na Shahuci, ta ce 'ya'yanta sun gaji da ita. Haka gwaggona ta yi. Kwana uku ba ta amsa gaisuwata sai da ka. Ranar da ta yarda muka je, ta zauna kusa da ƙofa da mayafinta a wuya kamar mai jiran mota, ta ƙi taɓa farantin. Sai wata tsohuwa 'yar Senegal ta hango carbinta, ta yi mata sallama, ta nuna mata lungun da take shimfiɗa sallaya in azahar ta yi. Ba su da yare ɗaya, amma da na dawo ɗaukarta na tarar suna rabon goro. Ba wurin kwana ba ne, kuma ba bara ba ce; da harajin da ake cire maka ake tafiyar da shi. Abu ɗaya dai, ka tambayi irin naman tun farko. Wasu cibiyoyin na da abincin halal, inda babu ta tsaya ga kifi da ganye.

Sai dai ba kowace ƙofa ce shekaru ke buɗewa ba. Inshorar lafiya ta tsofaffi, Medicare, daga shekara 65 take, kuma wanda bai yi aikin kusan shekara goma yana biyan haraji a can ba, shi ko abokin aurensa, biya zai yi, shi ma sai ya shekara biyar da takardar zama. Dokar 1996 ta kuma sa wa yawancin masu girin kad, wato takardar zaman dindindin, jiran shekara biyar kafin tallafin abinci na tarayya da Medicaid, inshorar lafiya ta marasa ƙarfi, ko da yake wasu jihohi kamar New York kan toshe giɓin lafiyar da kuɗinsu. Kada kuma Yaya ta manta cewa ta sa hannu a takardar ɗaukar nauyi, wato ta yi wa gwamnati alkawarin riƙe Hajiya. Kafin ku cika fom ɗin kowane tallafin kuɗi ku ga lauyan shige da fice, ban da shawarar majalisar ƙofar masallaci.

Maganar tsofaffin sojoji gajera ce. Baban da ya yi soja a Najeriya, ko da har yaƙin basasa ya halarta, ba ya cikin lissafin gwamnatin Amurka. Haƙƙinsa yana gida. Amma yaranmu da suka shiga sojan Amurka da girin kad suka gama, akwai jami'in tsofaffin sojoji a kauntoci da dama wanda aikinsa cika musu takardun neman haƙƙi kyauta. Takardar sallama, DD-214, ita ce mabuɗin, a adana ta kamar takardar gida.

Inda muka fi yin asara shi ne ƙungiyoyinmu na can. Mun iya karo-karo: a yi rasuwa, kafin la'asar an haɗa kuɗin makabarta a WhatsApp. Amma birni ba ya ba mutum kuɗi don an san shi da amana. Sai ƙungiya ta yi rajista a jiha, ta samu matsayin 501(c)(3), wato na ƙungiyar agaji da aka yafe wa haraji, daga hukumar haraji, tana da asusun banki da sunanta da kwamitin amintattu. Akwai kuɗin raya unguwanni da tarayya ke ba birane tun 1974, wanda har kashi 15 cikin 100 nasa kan iya tafiya ga hidimar jama'a, kuma ana kiran zaman jin ra'ayi kafin a raba. Na halarci irin zaman nan, na ga Somaliyawa sun cika layi biyu da dattawansu, mu ko mutum ɗaya babu sai ni. Ƙungiyar da ta samu rajistar kuma ta shekara uku a jere ba ta miƙa rahotonta na shekara ba, matsayin zai faɗi da kansa.

Da zai tashi ya ce, "Yaya, to ita Hajiya yaya zan gaya mata?" Na ce kada ya gaya mata komai, ya kawo ta gobe bayan la'asar. Gwaggo na nan gida, tare muka zo.