Yadda za ka gane ko kai da ɗan'uwanka launi ɗaya kuke gani

Gardama a kan launi ta fi tashi a lokacin biki, kuma duk wanda ya taɓa raka mata sayen anko a shagunan yadi na kasuwar Terminus a Jos ya san yadda take farawa. Yayata ta ɗauki wani leshi ta ce ruwan toka ne, mai shago ya ce, "Hajiya, ki duba da kyau, wannan ai sararin samaniya ne," shi kuwa ɗanta da ke riƙe da jaka a gefe ya ce bai ga abin da ya raba leshin da na kusa da shi ba, alhali na kusa da shi ruwan hoda ne. Aka yi dariya aka wuce, amma ni abin ya tsaya mini a rai, domin mutum uku sun dubi yadi ɗaya sun faɗi magana uku, kuma daga baya na gane cewa musun yayata da mai shago na haske ne da suna, maganar yaron ce kaɗai ta shafi ido.

Babu na'urar da za ta shiga zuciyar mutum ta auna ko jan da yake gani shi ne ainihin jan da kake gani. Abin da ake iya aunawa, har a cikin gida, shi ne waɗanne launuka biyu ne mutum ke iya rabewa, waɗanne kuma suke haɗe masa. Wannan shi ne abin da zan nuna yadda ake yi, kuma dabarar duka ita ce ka kawar da haske da suna daga cikin gardamar tukuna, sa'annan ka ga abin da ya rage wa ido.

A bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani da haske ke sauka a kansa, wanda likitoci ke kira ratina, kuma a cikinsa akwai ƙwayoyin gane launi kimanin miliyan 6. Iri uku ne: wasu sun fi amsa haske na ɓangaren shuɗi, wasu na ɓangaren kore, wasu kuma na ɓangaren rawaya zuwa ja. Ƙwaƙwalwa tana gwama saƙon ukun ne ta fitar da launi. Iri na biyu da na uku suna da kusanci ƙwarai a aikinsu, saboda haka idan ɗaya ya ɗan goce ko aka haifi mutum babu shi, sai ja da kore da ruwan ƙasa su riƙa shiga juna.

Fara da gyara haske. Ka zaɓi lokacin hantsi ko kafin la'asar, ka zauna a inuwa kusa da taga ko a baranda, inda hasken rana ke isowa ba tare da ya dallare ido ba. Kada ka yi gwajin a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai jan haske, kada kuma ka yi shi da fitilar caji, domin farin haskenta yakan karkata zuwa shuɗi. Ranar da hazon hunturu ya rufe Jos, har duwatsun Shere suka ɓace wa ido, ka ɗaga gwajin zuwa wata rana. Da muka fito da leshin nan bakin titi, yayata da kanta ta yarda cewa akwai shuɗi-shuɗi a jikinsa, ta ce ƙwan shagon ne ya cuce ta.

Ƙwaƙwalwa ba ta karɓar haske yadda ya zo. Takan yi hasashen irin hasken da ke wurin, ta cire shi, domin farar riga ta ci gaba da zama fara da rana ko da magariba. A watan Fabrairu na 2015 hoton wata riga daga Birtaniya ya raba kan jama'a a intanet, wasu na rantsuwa cewa fara ce mai ratsin ruwan gwal, wasu na cewa shuɗiya ce mai baƙin ratsi. Rigar shuɗiya ce da baƙi, kuma idanun ɓangarorin biyu lafiyarsu ƙalau. Waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta ɗauka a inuwa aka yi hoton sun cire shuɗin a matsayin na inuwa, sai suka ga fari. Idan kana so iyalinka su shaida aikin ƙwaƙwalwa da ido da kansu, ka sa su ƙura wa tutar Najeriya ido na tsawon daƙiƙa 30 ba tare da kawar da kai ba, sa'annan su dubi farin bango; inda kore yake za su ga wani launi mai kama da ruwan hoda yana shawagi, ga shi kuwa babu wanda ya shafa wa bangon komai.

Bayan haske sai suna, kuma a nan ne Bahaushe ya fi buƙatar lura. Kalmar ja a bakinmu faɗi gare ta: akwai jan jini, akwai man ja, akwai jar ƙasa, akwai jar saniya, har mutum mai hasken fata mukan ce ja ne, kuma babu biyu daga cikinsu da suke launi ɗaya idan aka jera su. Abin da ya wuce fari da baƙi da ja da kore da shuɗi da rawaya, yawanci aronsa muke yi daga abin da muka sani, mu ce ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan zuma, ruwan madara, ruwan bula. To ruwan goron wanda ya saba da jan goro ba lalle ne ya zama na wanda ya saba da fari ba. Wani ya ce kore, wani ya ce tsanwa, wani ya ce algashi, kuma tela yana da sunaye goma a inda manomi ke da biyu. Haka abin yake a wasu harsunan. Rashawa, alal misali, suna da kalma daban ga shuɗi mai haske da kuma shuɗi mai duhu. Saboda haka tambayar "wane launi ne wannan?" ba ta gwada ido, ƙamus ɗin mutum kawai take gwadawa. Tana kuma iya ɓoye matsala, domin yaron da bai taɓa ganin kore yadda kake ganinsa ba ya haddace cewa ganye kore ne, jini ja ne, kuma zai ba ka amsa daidai.

Gwajin da ya kauce wa wannan tarko tsoho ne. Bayan wani karon jiragen ƙasa a Suwidin a 1875, wanda aka zargi rashin bambance fitilun hanya da haddasa shi, wani masani mai suna Frithiof Holmgren ya fito da gwajin zaren ulu, inda ake ba ma'aikaci zare ɗaya a ce ya tattaro masu kama da shi ba tare da ya ambaci suna ba. Kai ma za ka iya yin irinsa. Ka je wurin telan unguwarku ka roƙi zare kala-kala kamar guda 30 ko 40, ko ƙyallayen da ya yanke ya zubar, amma ka tabbata duka iri ɗaya ne, domin ƙyallin shadda da dishin atamfa za su ba mutum wata alamar da ba ta launi ba. Kada ka cika tarin da launuka masu ƙarfi irin ja wur da kore shar, don kusan kowa zai iya raba waɗannan ta hanyar haske da duhu. Waɗanda ake so su ne masu laushi: kore mai haske, ruwan toka, ruwan ƙasa mara duhu, ruwan hoda, sararin samaniya, shunayya, ruwan madara.

Ka baza su a kan farin zane, ka cakuɗa su sosai, ka ɗauki kore mai haske ka ajiye a gefe, ka ce wa wanda kake gwadawa ya kawo maka duk 'yan'uwan wannan, masu duhu da masu haske. Mutum ɗaya za ka riƙa kira a lokaci guda, sauran su jira a waje, kuma ka kame fuskarka, domin yara sun iya karanta fuskar babba fiye da yadda muke zato. Mai cikakken gani zai tsince koraye cikin sauri. Wanda ja da kore ke haɗe masa zai riƙa jinkiri, ya ɗaga zare ya kara shi da wani, ya mayar, sa'annan ya haɗo maka da ruwan toka ko ruwan ƙasa yana mai tabbacin daidai ya yi. Daga nan ka sake da ruwan hoda, ka ga ko zai haɗo da ruwan toka ko shuɗi mai haske, ka kuma gwada shi da shunayya ka ga ko zai ɗauke ta a matsayin shuɗi. Da na yi wa ɗan yayata, ya ajiye zaren ruwan ƙasa guda biyu a cikin koraye, na tambaye shi ko ya gama, ya ce, "Kawu, ai duk ɗaya ne, sai dai waɗannan sun ɗan fi duhu." Shekarunsa 14 a lokacin, kuma babu malamin da ya taɓa lura.

Wannan ba abin mamaki ba ne. John Dalton, masanin kimiyyar nan na Ingila, sai da ya zama babban mutum kafin ya lura cewa wani fure mai ruwan hoda yana yi masa kama da shuɗi da rana, ya kuma sauya masa a hasken kyandir, ya gabatar da bayanin halin da yake ciki a Manchesta a 1794. Ya yi wasiyya a binciki idanunsa bayan rasuwarsa, aka adana su, kuma a 1995 bincike ya nuna cewa ƙwayoyin ɓangaren kore ne babu a idonsa.

Ka maimaita gwajin da ido ɗaya a rufe, sa'annan ɗayan. Wannan matakin gajere ne amma kada ka tsallake shi, domin matsalar da aka haifi mutum da ita takan shafi idanu biyu daidai kuma ba ta ƙaruwa, ita kuwa wadda ciwo ya kawo tana iya fin ƙarfi a ido guda.

Idan zare ya nuna alama, mataki na gaba shi ne faifan Ishihara, wanda likitan ido ɗan Japan, Shinobu Ishihara, ya wallafa a 1917. Shafuka ne masu ɗige-ɗige kala-kala da lamba ɓoye a ciki, cikakken littafin yana da shafi 38, kuma an tsara shi ne don gano matsalar ja da kore. Za ka same shi a intanet, amma a ganina na waya wasa ne kawai, domin kowane allo da yadda yake fitar da launi, ga kuma saitin kare ido da ke mayar da allo rawaya-rawaya da dare. Na takarda da ke sashen ido na manyan asibitoci, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, shi ne abin dogaro, kuma gwajin ba ya wuce 'yan mintoci.

Daga nan ka waiwayi dangi, kuma dangin uwa za ka duba. Gadon wannan hali yana kan kuromosom X, ɗaya daga cikin zarurrukan da ke ɗauke da gado a ƙwayoyin jikin mutum, wanda namiji ke da guda ɗaya tak daga mahaifiyarsa, mace kuwa tana da biyu, lafiyayyen yana rufa wa ɗayan asiri. Shi ya sa a tsakanin mutanen Arewacin Turai ake samunsa a kusan namiji 1 cikin 12, mace kuma kusan 1 cikin 200. A Afirka adadin ya gaza haka, amma yawan maza a kan mata yana nan. Uba ba ya gadar wa ɗansa namiji, sai dai 'ya'yansa mata su ɗauka a ɓoye, kuma kowane ɗa namiji da suka haifa yana tsakanin ya samu ko ya tsira, rabi da rabi. Don haka idan yaro ya nuna alama, a gwada 'yan'uwansa maza da kawunansa, a kuma tuna ko kakansa na wajen uwa yana cikin dattawan da ake yi wa tsiya a kan haɗa hula da riga. Ni kaina sai da na zauna aka gwada ni.

Akwai inda ba a tsayawa wasa da zare. Idan babban mutum da a da yake gani daidai ya fara cewa launuka sun dushe masa, ko ido ɗaya ya bambanta da ɗayan, asibiti za a nufa. Madubin cikin ido yana yin rawaya da tsufa, yanar ido kuma tana ƙara abin, har dattijo ya riƙa ɗaukar shuɗi mai duhu a matsayin baƙi. Ciwon suga da hawan jinin ido suna iya taɓa ganin launi. Haka nan etambutol, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, yana iya shafar jijiyar gani, saboda haka wanda ke shan sa ya ga ja da kore sun fara rikice masa ya gaggauta sanar da likitansa.

Wanda aka haifa da halin kuwa ba shi da maganin sha ko na ɗigawa, kuma tabarau masu launi da ake tallatawa ba sa mayar da ƙwayoyin da babu su, iyaka su ƙara tazara tsakanin wasu launuka. Abin da ke amfani shi ne sanin inda launi ke yanke hukunci a aikin mutum. Direba ya riƙe matsayin fitilar ba da hannu ta titi, ja a sama, kore a ƙasa. Mai koyon aikin lantarki ya san cewa tsohon tsarin waya ja da baƙi da kore ne, sabon kuma ruwan ƙasa da shuɗi da kore mai ratsin rawaya, kuma kada ya haɗa waya da ido kaɗai ba tare da na'urar gwaji ba. Mai burin tuƙin jirgin sama ko na ruwa ya yi gwajin tun kafin iyayensa su kashe kuɗin makaranta, domin za a yi masa shi a can ko ya so ko bai so ba. A makaranta a gaya wa malami, ya daina rubutu da jan alli a kan koren allo, a kuma rubuta suna a jikin fensiran launi na yaron. Ɗan yayata an daina aikensa kasuwar Farin Gada zaɓen tumatir shi kaɗai, domin rabin abin da yake kawowa ɗanye ne; yanzu idan ya je da yatsa yake latsawa, kuma mai tumatir ɗin da suka saba yakan ce masa, "Yaro, kawo kwandon, ni zan zaɓa maka."