Yadda ake tafiyar ayari a kan keke cikin motoci

Wanda ke biye da kai a sahu ba ya ganin titi sosai, bayanka da tayarka kawai yake kallo. Don haka duk abin da za ka yi, ka sanar tukuna, kuma ka yi shi a hankali.

Kafin a tashi, a tsayar da mai jan gaba da mai rufe baya, kowa ya san hanya da inda za a jira juna. In kun haura mutum goma, ku rabu gida biyu, ku bar tazarar da mota za ta iya shiga tsakani. Dogon ayari ne ke sa direba ya ƙosa ya kutsa inda bai kamata ba. A ƙaramin titi ku bi layi ɗaya. Bibbiyu sai inda titi ke da faɗi kuma dokar wurin ta yarda.

Batun tazara shi ne ya fi kada mutane. Mai gudun kilomita 25 a awa yana cin kusan mita 7 a daƙiƙa ɗaya, ke nan kafin yatsunsa su kai ga birki ya riga ya yi nisa. Sabon shiga ya bar aƙalla tsawon keke ɗaya, a ƙara idan titi ya jiƙe ko ana gangara. Kada tayarka ta gaba ta shiga gefen tayar bayan na gabanka. Da ya ɗan kauce wa rami zai goge ta, kuma kai ne za ka sha ƙasa, domin tayar gaba ita ce ke riƙe da daidaiton keke. Kada ka kafe ido a kan tayarsa, riƙa hango gaba ta saman kafaɗarsa.

In kana son rage gudu kaɗan, daina juya feda ka ɗago ƙirji iska ta tare ka. Birki kuwa a matsa shi sannu, ban da cafkewa. Akwai wani abu da ko tsofaffin hannu ke mantawa: idan ka miƙe tsaye a kan feda wajen hawan tudu, keken yakan ɗan ja baya zuwa ga na bayanka. Ka miƙe daidai lokacin da kake danna feda da ƙarfi.

Alamu ba su da yawa. Miƙa hannu ɓangaren da za a juya. Nuna rami ko yashi da yatsa. Tafin hannu yana kallon baya na nufin za a tsaya. Kowa ya miƙa saƙon ga na bayansa da hannu da baki, har ya kai ga na ƙarshe. Mai rufe baya shi ke cewa "mota a baya".

Ku bar wa motocin da aka faka kusan mita ɗaya, saboda ƙofar da za a iya buɗewa ba zato.

A mahaɗa da shataletale kowa ya duba da idonsa. Wucewar na gaba ba izini ba ne, ratar da ya samu ta ishe shi ne shi kaɗai. Idan danja ta raba ku, na baya su tsaya, na gaba su jira can gaba a inda ba su tare hanya ba. Kada kowa ya kutsa tsakanin tirela da bakin titi, musamman kusa da kwana: direban ba ya ganin wurin a madubi, kuma tayoyin baya suna yanke kwana fiye da na gaba.

In taya ta yi faci, ɗaga hannu ka faɗa da ƙarfi, ka riƙe layinka har na baya su wuce, sannan ka gangara gefe. Duk ayarin ya sauka daga kwalta kafin a fara gyara.