Yadda Ake Sa wa Kowane Yanki Iyaka a Sabar da Aka Rarraba

Duk wanda ya taɓa zama a gidan haya a Tudun Wada ko Unguwar Sanusi ya san yadda mutum ɗaya kan buɗe famfo ya cika duronsa tun da asuba, sauran 'yan haya su tashi su tarar tanki ya ƙafe. Haka abin yake ga wanda ya yi hayar sabar guda ɗaya, wato kwamfutar da shafukan intanet ke zaune a kanta, ya yanka ta gida-gida domin abokan ciniki, wannan shafin makaranta, wancan na shagon sayar da atamfa, ba tare da ya ƙayyade wa kowa abin da zai iya ci ba. Na ga hakan da idona a ranar da wata makaranta a nan Kaduna ta saki sakamakon jarrabawa: iyaye suka yi dafifi a kan shafin, ya lashe RAM ɗin sabar gaba ɗaya, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai, shafuka uku da ba su ji ba su gani ba suka faɗi tare da shi.

Abin da Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da sabar, ke amfani da shi wajen wannan rabo shi ne cgroups, wanda injiniyoyin Google suka fara a 2006, aka shigar da shi cikin kernel, wato zuciyar Linux, mai lamba 2.6.24 a 2008, sannan zubi na biyu ya kammala a kernel 4.5 a 2016. Kafin komai, a tabbatar da zubin da ke aiki ta hanyar buga `stat -fc %T /sys/fs/cgroup/`. Idan amsar ta fito `cgroup2fs`, to zubi na biyu ne, kuma shi wannan bayani ya shafa.

Kada a yi gaggawar rubuta lambobi. A bar `systemd-cgtop`, shirin da ke nuna abin da kowane yanki ke ci, a buɗe, a riƙa leƙawa har tsawon mako guda, domin a ga abin da kowane aiki ke ci da safe, da dare, da kuma lokacin da ake kwafar bayanai domin ajiya. Bayan haka a ware wa ita kanta sabar rabonta. Idan RAM ɗin gigabait 16 ne, ni nakan cire 2 in ajiye gefe saboda SSH, wato hanyar shiga sabar daga nesa, da sauran ayyukan tsarin, in raba 14 ga 'yan haya, domin ranar da abu ya rikice in sami ƙofar shiga in gyara.

Kowane abokin ciniki a buɗe masa fayil ɗin yankinsa, wanda ake kira slice, misali `/etc/systemd/system/makaranta.slice`, a rubuta a ciki:

```
[Slice]
MemoryHigh=3G
MemoryMax=4G
MemorySwapMax=512M
CPUQuota=150%
CPUWeight=100
TasksMax=500
```

Sai a ƙara layin `Slice=makaranta.slice` ƙarƙashin `[Service]` a fayil ɗin kowane aikinsa, a buga `systemctl daemon-reload`, a sake tayar da ayyukan. A kula da sunan, domin ɗan karan (-) da ake sa wa tsakanin kalmomi yana nufin yanki a cikin yanki ne, `makaranta-web.slice` zai zauna ne ƙarƙashin `makaranta.slice`.

Layukan RAM biyu na farko su ne suka fi buƙatar natsuwa, kuma a nan ne mafi yawan mutane ke kuskure, domin sukan sa `MemoryMax` kaɗai su tafi. Idan yanki ya kai wannan iyaka kuma kernel ya kasa ƙwato masa wani wuri, zai zaɓi ɗaya daga cikin ayyukan yankin ya kashe nan take, kuma sau da yawa rumbun bayanai ne ke shan kashi saboda shi ya fi kowa ci. `MemoryHigh` kuwa ba ya kashe kowa. Idan aka haura shi, kernel zai rage wa yankin gudu ya matsa masa lamba ya saki abin da ya riƙe, shafin ya yi nauyi amma ya ci gaba da amsawa. Saboda haka a bar tazara mai kyau tsakanin biyun, kamar yadda aka bar gigabait ɗaya a misalin sama, domin a ga alamar matsala kafin ta kai ga kisa.

A wajen furosesa, wato ƙwaƙwalwar lissafi ta sabar mai kawuna da yawa, 100% na `CPUQuota` yana nufin kai ɗaya ne cikakke, ba dukkan na'urar ba, don haka 150% kai ɗaya da rabi ke nan ko da sabar tana da kawuna takwas. `CPUWeight` ya bambanta, domin ba ya aiki sai an yi cunkoso. Asalinsa 100 ne, ana iya sa shi daga 1 zuwa 10000, kuma mai 200 zai sami ninkin mai 100 idan suna takara. A ganina, ga abokan ciniki da aka yarda da su, `CPUWeight` kaɗai ya wadatar, tunda babu hikima a hana shafi gudu alhali sauran kawunan suna zaune babu aiki. `TasksMax` yana hana shirin da ya haukace ya yi ta haihuwar kansa, shi kuma faifai ana ɗaure shi da layi irin `IOWriteBandwidthMax=/dev/sda 50M`.

Idan ana son canja lamba ba tare da an tsayar da komai ba, a buga `systemctl set-property makaranta.slice MemoryHigh=3500M`; canjin zai dawwama ko an kashe sabar an kunna, sai dai idan an haɗa da `--runtime`.

Bayan kwana biyu ko uku a buɗe `/sys/fs/cgroup/makaranta.slice/memory.events`. Idan lambar `high` tana hawa a hankali, yankin yana taɓa iyakarsa ta farko ne kawai, amma idan `oom_kill` ta wuce sifili, an riga an kashe wani aiki, kuma `journalctl -k` zai nuna sunansa da lokacin. Haka nan a duba `nr_throttled` a cikin `cpu.stat`, idan tana ta ƙaruwa a lokacin da sabar ba ta cika ba, a ɗaga `CPUQuota` ko a cire shi, a sake dubawa washegari.