Yadda na sauya adireshin IP na ofishinmu a Wuse

Da muka sauya kamfanin da ke ba mu intanet, sai aka ce mu mayar da adireshin IP takwas ɗin da ke hannunmu, wato lambobin da ake gane na'urorinmu da su a intanet. Da fari abin ya ɓata mini rai. Amma dai kayan aro ne: AFRINIC, hukumar da ke rabon adireshin IP a Afirka, ita ke ba kamfanin intanet babban rukuni, shi kuma ya sanar da shi ga duniya a dunƙule ta BGP, tsarin da kamfanonin intanet ke sanar da juna hanyar kaiwa ga kowane rukuni. In kowa ya ɓalle da ɗan gutsurensa, teburin hanyoyin intanet zai kumbura. Shi ya sa galibi ba a karɓar rukunin da bai kai adireshi 256 ba.

Kwana biyu kafin sauyin na shiga DNS, tsarin da ke haɗa sunayenmu na intanet da lambobin IP, na rage TTL, wato tsawon lokacin da na'urori ke riƙe tsohuwar lamba kafin su sake tambaya, zuwa daƙiƙa 300, na bar layukan biyu, na tsohon kamfani da na sabon, suna aiki tare. Ranar Asabar da sassafe na juya sunayen zuwa sababbin lambobi.

Komai ya tashi, sai kyamarorin tsaro. Maigadi ya leƙo: "Yallaɓai, hoto ba ya fitowa a waya." Ashe tsohuwar lambar aka rubuta da hannu cikin manhajar. Na goge ta, na sa sunan DNS, sai ga bakin ƙofa ya bayyana tar.