Kurakuran da ke cinye makin ɗalibai a kalkulas na hujja

Wanda ya saba da lissafin sakandare, inda ake zuba lamba a dabara amsa ta fito, yakan sha mamaki a jami'a. Amsa daidai, amma malami ya zaftare maki, domin hujja yake nema.

Babban kuskure shi ne juya tsarin ε da δ, wato hanyar tabbatar da cewa lissafi na dosar wata lamba: ε ita ce kusancin da ake so amsa ta yi da lambar, δ kuma kusancin da x za ta yi da inda ta dosa. Ka ɗauke shi kamar ciniki: abokin cinikinka ne ke fara faɗin ε, kai kuma ka kawo δ da za ta biya buƙata. Ɗalibi sai ya ce "bari ε ta zama 0.01", ya ɗauka ya gama, alhali mutum ɗaya ya sallama, sauran na jira. Fara da "a ɗauki kowace ε > 0".

Ga misali. Kana son nuna cewa x² tana dosar 9 idan x ta doshi 3. Ka san |x² − 9| = |x − 3||x + 3|. Nan da yawa ke zamewa, su rubuta δ = ε/|x + 3|. Haramun ne, δ ba ta dogara da x. Ka fara ɗaure |x − 3| ƙasa da 1, sai |x + 3| ta kasa 7. Shi ke nan, δ ita ce ƙarama tsakanin 1 da ε/7. Wannan laluben na takardar gwaji ne. A takardar amsa, daga δ ake farawa.

Sai karanta ƙa'ida ta baya. Jerin da jimlarsa ke tsayawa, gaɓoɓinsa na dosar sifiri, amma akasin haka ba dole ba ne: 1 + 1/2 + 1/3 + … ba ya da iyaka, masanin lissafi Nicole Oresme ya nuna haka tun ƙarni na 14. Haka |x| ba ta yankewa ko'ina, amma ba ta da gangara (derivative) a 0. A 1872 ma masanin lissafi Weierstrass ya kawo wadda ba ta yankewa, amma ba ta da gangara a ko'ina.

Akwai kuma mantuwa da sharaɗi. 1/x tana ba da −1 a x = −1, tana ba da 1 a x = 1, amma ba ta taɓa zama sifiri, saboda ta yanke a tsakiya. Kafin ka kira ƙa'idar Bolzano, mai cewa abin da bai yanke ba sai ya bi ta sifiri idan ya tashi daga ƙasan sifiri zuwa samansa, rubuta cewa ka duba rashin yankewa.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne amfani da dokar L'Hôpital, mai nemo iyaka ta hanyar gangarar sama da ta ƙasa, a kan iyakar sin x/x idan x ta doshi 0. Gangarar sin x da ka jawo, da wannan iyakar aka samo ta tun farko.