Yadda za ka haɗa wa dodon koɗi gida da kanka

Masu kiwon dodon koɗi don sha'awa suna ƙaruwa, musamman yara da suke tsinto shi da damina ko wanda ya sayo manyan nan na kudu a wajen masu kayan miya ya ji ba zai iya bari a yanka ba. Matsalar ita ce yawanci sai a jefa shi cikin bokiti ko kwali a watsa masa ganye a ce shikenan, bayan kwana kaɗan a tarar ya shige cikin ƙoƙonsa ya ƙi fitowa. Abin yana damuna gaskiya, don dabba ce mai rai da za ta iya kai shekara 5 zuwa 7 in ta samu kulawa, wani ma ya wuce haka.

Abin da za ka riƙe a ranka tun farko shi ne manyan nan 'yan daji ne na kurmi. Wanda aka fi samu a kudancin Najeriya shi ne Archachatina marginata, na Ghana mai zane-zane a ƙoƙo kuma Achatina achatina, duk a ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye suke rayuwa inda ƙasa ba ta bushewa. To kaga aikinka kenan, ka ƙirƙiro masa damina a cikin mazubi ko da waje ana hunturu, kuma ka bar iska tana shiga. Duk sauran bayanin a kan wannan ya rataya.

Ka nemi babbar roba mai murfi, irin garai-garai ɗin nan da ake ajiye kaya a ciki, wadda za ka riƙa hango shi ba sai ka buɗe ba. Ga babba guda ɗaya ko biyu, tsawon kamar santimita 60 da faɗin 40 ya yi, in ka samu wadda ta fi haka ma ya fi. Faɗin robar ya fi zurfinta muhimmanci, saboda suna son hawa su maƙale a murfi su yi barci, wani lokacin su saki su faɗo, in nisan ya yi yawa ƙoƙon ya tsage. Kwali kam kar ma ka fara, cinye shi zai yi. Katako kuma laima na ruɓar da shi, in an yi masa fenti ko maganin gara ma guba ne. Robar da aka taɓa zuba omo ko mai ko gishiri a ciki ka haƙura da ita.

Sai huji. Ka ɗora ƙusa a wuta ta yi zafi ka riƙe ta da filaya ka huda murfin da saman gefe biyu, ƙananan huji ba manya ba. Wasu suna yanke tsakiyar murfin gaba ɗaya su manna yankin gidan sauro, wannan yana yi a wajen da ake samun ruwa sosai, amma a Kano ko Sakkwato ko Maradi ni ban ba da shawara ba, iskar hunturu cikin yini ɗaya za ta busar da komai. Gara ka yanke kamar tafin hannu kawai ka rufe da raga, in ka ga jikin robar kullum ruwa na tsiyaya ƙasa ta fara wari sai ka ƙara huji, in ka ga tana saurin bushewa ka toshe wasu da salatif. Kuma murfin ya zama mai kamawa, suna da ƙarfi fiye da yadda ake zato, babba zai iya ture murfin da aka ɗora kawai ya fice da dare.

Ƙasar da za ka zuba ita ce inda ya kamata ka ɓata lokaci. Ba yashi ba, ba laka mai danƙo ba, baƙar ƙasa mai taushi ta gindin bishiya inda ganye ya ruɓe, kuma ka tabbata ba gonar da aka watsa takin zamani ko aka yi feshi ba ce. Ka tsince duwatsu da kwalba da leda, ka zuba a tsohuwar tukunya ka ɗan yayyafa ruwa ka ɗora a wuta ta yi zafi sosai don ƙwan tururuwa da sauran ƙwari su mutu, sannan ka bar ta ta huce gaba ɗaya kafin ka zuba. Zurfin ya kai yadda zai iya binne kansa duka, santimita 10 zuwa 15, don a ciki yake ɓuya da rana kuma a ciki yake saka ƙwai. Gwajin laima kuma mai sauƙi ne, ka damƙi ƙasar a hannu ka matse, in ta dunƙule kamar curin fura ba tare da ruwa ya ɗigo ba to ta yi, in ta wargaje ta bushe, in ruwa ya fito ta tsakanin yatsu ka cika ruwa. A sama ka baza busasshen ganyen ayaba, ka kwantar da kofin roba a gefe ya zama maɓoya. Dutse ko kasko mai tauri kar ka saka, saboda faɗowar nan da na faɗa. Ruwan sha a murfin roba marar zurfi, don yana iya nutsewa a mai zurfi.

Inda za ka ajiye gidan ma magana ce. Rana kada ta taɓa shi ko kaɗan, roba a rana tana dafa abin da ke ciki. Sun fi jin daɗi tsakanin digiri 22 zuwa 28, mu kuma a watan Maris da Afrilu zafi na kai 40, don haka ka nemi lungu mafi sanyi a gidan, kusa da randa misali, ka lulluɓa jiƙaƙƙen tawul a rabin murfin. Da hunturu kuma ka shigar da shi ɗaki kar ya kwana a tsakar gida. Amma fa ɗakin da ake kunna maganin sauro ko a zuba fiya-fiya ba nasa ba ne. Ka ɗora robar a kan ɗan benci ka saka ƙafafun bencin cikin gwangwanaye masu ruwa, tururuwa da kwarkwasa ba za su hau ba, su da ɓera su ne manyan abokan gabansa.

Kullum da yamma ka fesa ruwa da 'yar kwalbar feshi mai tsabta, da hunturu safe da yamma. In ruwan famfo ne ka bar shi ya kwana a buɗe tukun. Idan ka ga ya rufe bakin ƙoƙonsa da wani farin abu mai kama da takarda, ba mutuwa ya yi ba, bushewa ce ta sa ya kulle kansa. Ka gyara laimar ka yayyafa masa ruwa mai ɗan ɗumi, kar ka ɓare da farce, da kansa zai ture ya fito.

Abinci da magariba ake sa masa don da dare yake yawo: ganyen gwanda da ita gwandar, kokwamba, kabewa, latas, karas, dankalin Hausa, duk a wanke. In ɗakin ya yi shiru ka kasa kunne za ka ji ƙarar kankarar da yake wa kokwamba da dubban ƙananan haƙoran da ke harshensa. Da safe ka kwashe ragowar kafin ta yi fumfuna. Gishiri kashe shi yake, saboda haka ragowar abincin gida babu, albasa da tafarnuwa da lemon tsami ma babu. Sannan ɓawon ƙwai dole ne, da shi yake gina ƙoƙonsa. Ka wanke ka tafasa ka shanya ka daka ya yi gari, amma ba a turmin da ake daka yaji ba, ka zuba a ɗan murfi ya zauna a ciki kullum.

Wajen ɗaukarsa kar ka fizgo shi ta ƙoƙo in ya maƙale, ka jiƙa hannu ka zura yatsa a hankali ta ƙarƙashin kansa har ya saki. Bayan nan a wanke hannu da sabulu, yara musamman, don yana iya ɗauke da wata tsutsa da yake samu daga kashin ɓera wadda take illa ga ƙwaƙwalwar mutum.

Duk sati ka tona ƙasar da yatsa ka duba ƙwai, kowane dodon koɗi namiji ne kuma mace ne, in biyu suka haɗu dukansu na iya sakawa. Na Najeriya kaɗan yake yi manya-manya, na Ghana kuwa ɗaruruwa. In ba ka da wajen rainonsu ka saka ƙwan a firiza kwana 2 kafin ka zubar, kar ka watsa su a lambu. A 1966 wani yaro ya kai guda 3 na wani jinsin gabashin Afirka garin Miami na Amurka, aka sake su a lambun gida, sai da jihar Florida ta shafe kusan shekara 10 tana yaƙi da su, yanzu haka a Amurka doka ta hana ajiye su ba izini. In ƙwan sun riga sun ƙyanƙyashe, ka ware 'ya'yan a ƙaramar roba mai raga mai ƙananan ido, don kada su fita.