Yadda za ka gane wa ke cin riba tsakanin Najeriya da ƙasashen da muke ciniki da su

Shiga shafin NBS, wato hukumar ƙididdiga ta ƙasa, ka sauko da rahoton cinikin waje, duk bayan wata uku suke fitarwa. Lamba biyu kawai za ka nema wa kowace ƙasa, kuɗin kayan da muka sayar mata da na waɗanda muka sayo, sai ka cire wannan daga wancan. China ka fara dubawa, wallahi giɓin zai ba ka tsoro, don su ne kan gaba a shigo mana da kaya, injina, waya, babura, namu kuwa kaɗan suke saya. Sifen da Holan akasin haka ne, amma kar ka yi saurin murna, yawanci ɗanyen mai ne da gas, cire su ka ga abin da ya rage, irin su koko.

Sannan lura, da naira suke lissafin, tun da naira ta faɗi a watan Yunin 2023 lambobin suka kumbura, to ka mayar da su dala kafin ka kwatanta shekaru. Shanu da hatsin da ke tsallaka iyaka tsakanin Jibiya da Maraɗi kuwa, da yawansu ba sa shiga takardar kwastan ma.